Iya Ruwa Fidda Kai: Nasiha ga Matasan Fadamar Haɗeja

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa Oktoba ƙasar Guri takan sauya kama. Hanyar da babur ya bi da rani sai ta koma hanyar kwalekwale, gonar da aka je da ƙafa sai an shiga jirgi a dubo ta, ƙauyuka da yawa kuma su wayi gari ruwa ya kewaye su. A lokacin ne samari ke kwance jiragensu. Wasu su tafi su, su yi kwana uku ko huɗu a bakin wani tafki suna banda. Wasu su yi lodin kifi da hatsi zuwa kasuwa. Wasu su kama fito. Yanzu ma an samu sabon rukuni, 'yan makaranta da masu waya a hannu, waɗanda ke son ratsa fadama su ga tsuntsayen Baturiya ko na Dagona su ɗauko hoto.

Duk wannan abin alfahari ne. Yaron da ya tashi neman halalinsa a kan ruwa ya fi wanda ya wuni a majalisa yana jiran a miƙo masa. Sai dai ɗana, sai dai 'yata, dattawan da suka tsufa a bakin wannan ruwa sun daɗe suna ganin kuskure iri ɗaya yana cin 'ya'yan mutane shekara da shekaru, kuma yawancinsa ana iya kauce masa tun jirgi bai bar gaɓa ba. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Babu mai cewa ku guji ruwa, domin jirgi gadonku ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, sai ya ci karo da wani gungume a binne. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon sama da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Ba a taɓa samun jirgin ruwan da ya fi shi tsufa a Afirka ba, kuma a yankin kogunan nan namu aka same shi. Mutanen da suka riƙe sana'a tsawon wannan zamani da ƙa'ida suka riƙe ta, ƙa'idar ce kuma ke neman suɓucewa daga hannun 'yan baya.

A can yammacin Amurka akwai mutanen da suka mai da tafiyar ruwa wasa. Sukan shiga wani siririn jirgi na mutum ɗaya da ake kira kayak, wanda asalinsa na mutanen Inuwit ne mazauna ƙasashen ƙanƙara, su bi koguna masu gudu da ke ratsa kwazazzaban hamada. A kan Kogin Kolorado, a cikin babban kwazazzabon nan na Grand Canyon, tafiya daga mashigin Lees Ferry zuwa Diamond Creek ta kai kimanin kilomita 360, takan ci mako biyu zuwa uku, dama dutse hagu dutse, babu gari babu kasuwa. Masu wannan wasa sun kasa gangaren ruwa aji shida, daga na 1 mai sauƙi zuwa na 6 da ba a shigarsa sai da kasadar rai. Mai kallon bidiyonsu zai ɗauka ba su da hankali. Wanda ya duba shirinsu kuwa zai ga ba a fi su girmama ruwa ba. Kowa da rigar ruwa da hular kwano, kowa da igiyar ceto, rana na faɗuwa sun sauka, in sun jiyo rugugi a gaba sai su fito su taka da ƙafa su dubo wurin kafin su shiga.

Fadamar Haɗeja ba ta da duwatsu, ba ta da rugugi. Ruwanta a shimfiɗe yake, ga bado ya yi fure, ga kirinjijiya na iyo. A wannan kwanciyar haɗarinsa yake. Ruwa mai hauka yakan sa mutum ya shirya, mai kwanciya kuwa yakan sa mutum ya ce ai nan da can ne. Manyan haɗurran jirgin da suka girgiza Arewa a 'yan shekarun nan a ruwa lafiyayye suka auku, wasu mutanen ma suna hangen gaɓa suka nutse.

Abin da matuƙi zai fara sani shi ne daga ina ruwansa ke zuwa. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja, kuma kowannensu da madatsa a kansa, ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa ta ƙasar Bauchi. Bayan garin Haɗeja kogin yakan rabu: Marma ya nufi tafkin Nguru, Burum Gana ya kama tasa hanyar, tsohon kogin kuma ya je ya sadu da Jama'are su zama Kogin Yobe, su wuce Gashuwa zuwa Tafkin Chadi. Ma'anar wannan, ɗana, ita ce ruwan da ke ƙarƙashin jirginka ba na sararin da ke bisa kanka ba ne. Gari zai iya yin tangararau a Guri, babu ko ɗigon hadari, amma ruwa yana ƙaruwa saboda mamakon da aka yi a Kano ko Bauchi kwanakin baya, ko saboda an saki ruwa a madatsa.

Masu shiga kwazazzaban hamada sun san wannan darasi da tsada. A ranar 12 ga Agustan 1997 masu yawon buɗe ido 11 suka mutu a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona, alhali ruwan kirki bai sauka a inda suke ba. Can nesa aka yi shi, ya taru ya biyo rami ya same su. Namu ruwan ba ya zuwa da irin wannan sauri, amma yakan zo cikin dare mutum na barci. Maganinsa ba ya cin ko sisi. In kun sauka da yamma, ka soke kara a daidai inda ruwa ya tsaya, ka duba shi kafin ka kwanta, ka sake dubawa da asuba. In ruwa ya haura karan da yatsu biyu ko uku cikin dare, ka san yana tafe, ka ɗaure jirgi da doguwar igiya a jikin itace, ka mai da shimfiɗa kan tudu. Ka kuma riƙe ɗan rediyo, domin hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da koguna ta NIHSA suna fitar da gargaɗin ambaliya, gidajen rediyo kuma suna karantawa da Hausa.

Sanin tushen ruwa bai wadatar ba, sai an san hanyarsa ta bana. Kafin madatsu, fadama takan cika da damina ta bushe da rani. Da aka koma sakin ruwa duk shekara don noman rani, sai kacalla ta sami abin da take so, ta mamaye magudanai, yashi da laka suka taru a gindinta, ruwa ya riƙa kaucewa yana fasa sabbin hanyoyi. Manoma sun rasa gonaki, jan-baki ya sami maɓoya, matuƙa kuma suka rasa taswirar da ke kansu. Mashigar da mahaifinka ya bi shekara goma da suka wuce mai yiwuwa yau a toshe take. A tsakiyar kacalla, wadda ta fi mutum tsawo ko yana tsaye a jirgi, gabas da yamma duk ɗaya ne, iska ba ta shiga, kira ba ya nisa. Wanda ya ɓace a ciki da la'asar yakan kwana a ciki. Saboda haka duk inda hanya ta rabu biyu a cikinta, ka ƙulla ganye ko ka ɗaura tsumma a gefen da ka fito, ka kuma lura da inda ruwa ke jan ɗan karmami, domin nan ce hanya mai rai.

Abin da ya fi ƙulla ganye shi ne tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Kowane yanki na wannan fadama da masu shi: Sarkin Ruwa, bulama, tsofaffin masunta na Badawa da Mangawa da Hausawa, waɗanda suka san inda gurbi yake, inda kututture ke kwance, inda aka shimfiɗa kalli ko mamari. Ka sauka ka gaishe su, ka faɗi daga inda kake da inda ka nufa, in hali ya yi ka ɗauki ɗan gari ya raka ka ka biya shi haƙƙinsa. Tarihin Mungo Park ya ishi mai hankali. Wannan Bature ɗan Sikotlan ya biyo Kogin Kwara a jirgi, ya riƙa wuce garuruwa ba tare da ya tsaya ya nemi iznin sarakunansu ba. A Yawuri mai yi masa jagora, Amadi Fatuma, ya rabu da shi domin nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Bai yi nisa ba jirginsa ya maƙale a duwatsun Busa, aka far masa daga gaɓa, ya faɗa ruwa ya mutu a 1806. Yana da bindiga, yana da ƙarfin hali, abin da ya rasa shi ne ɗan gari da kuma yardar mutanen bakin ruwa.

Sai shirin tafiya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana saura kwana biyu ka jawo jirgi tudu ka kife shi, ka bi haɗin katako da yatsa, ka toshe duk inda ya buɗe, ka mayar da shi ruwa ya kwana ka ga nawa ya sha. Ka tanadi filafili na biyu da gwangwala ta biyu, da ƙwarya ko yankakkiyar jarka ta kwarfe ruwa a ɗaure da igiya, da wuƙa mai kaifi a jikinka, da tocila. Ashana da waya da magani su shiga leda biyu a ɗaure. In jirgin mai inji ne, man komowa ya kasance a ciki tun daga gida. Kafin ka tashi kuma ka gaya wa wani babba hanyar da za ka bi, inda za ka kwana, da ranar da za a fara nemanka in ba a gan ka ba. Akwai wurare da yawa a fadama da waya ba ta kamawa, kuma masu nema ba sa iya neman wanda ba su san inda ya dosa ba.

In jiragen sun fi ɗaya, a raba guzuri. A ranar 24 ga Mayun 1869 wani tsohon soja mai hannu ɗaya, John Wesley Powell, ya tashi da mutum tara a jirage huɗu don ratsa kwazazzaban Kogin Green da na Kolorado. Ba su yi mako uku ba jirgi ɗaya ya daki dutse ya tarwatse. Da yake sun rarraba abincinsu a jirage, kashi ɗaya cikin uku ne ya salwanta, suka ci gaba. Na'urorin awon tudu kuwa duk a jirgin nan ɗaya suka zuba su, sai da suka sake kasada da rai suka je suka tsamo su daga ɓaraguzansa. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ashana, gidan sauro, ruwan sha, kowane jirgi ya ɗauki nasa.

Yanzu ga babbar magana, wato lodi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mashigi ranar kasuwa ya san yadda abin ke faruwa. An jera buhuna a ƙasa, an ɗora babur a kai, an cusa awaki biyu a gefe, mata sun zauna da kwanuka a cinya, bakin jirgi ya kusa sumbatar ruwa, sai ga wasu mutum uku a guje, yaron jirgi ya ce a matsa a matsa, ai ba nisa. Mai jirgi yana lissafin kuɗin fito, fasinja yana lissafin dare, babu mai lissafin tazarar da ta rage tsakanin katako da ruwa. Wannan tazarar ita ce ran kowa da ke ciki. In ba ta kai taƙi guda ba, mutum ɗaya ya miƙe tsaye ko iska ta kaɗo, ruwa ya shigo. Kowace lita ta ruwa kilo guda ce, kuma ruwan da ya shiga jirgi ba ya zama wuri ɗaya. Kamar ruwan da aka ɗauko a daro ne, da an karkata kaɗan sai ya kwarara gefe guda gaba ɗaya. Mutane su firgita su ruga ɗaya gefen, shi ke nan jirgi ya kife.

A ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya tashi daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai a kan madatsar Watari ta jihar Kano, maƙare da mutane, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Aƙalla rai 29 ya salwanta. Babu gangare a wurin, babu dutse. Ɗana, in kai ne mai jirgi, ka yanke adadin da jirginka ke ɗauka tun kana gida, ka rubuta shi da fenti a jikinsa, kada ka sake shi don maroƙi ko don mai kuɗi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, sawu biyu kuma bai taɓa talauta kowa ba. In kai fasinja ne ka ga an wuce kima, ka sauka. Za a yi maka dariya, wani ma ya ce da kai matsoraci, dariyar kuwa ba ta wuce bakin mashigi.

Lodi da dare in suka haɗu, nan ne asarar ta fi muni. A watan Yunin 2023 mutum fiye da 100 suka mutu a yankin Patigi na jihar Kwara, suna komowa daga biki cikin dare. Mu ma abin ya zo har ƙofar gida. A farkon Janairun 2026 jirgi ya tashi daga Adiyani, nan cikin ƙaramar hukumar Guri, ya nufi Garbi ta ƙasar Nguru da mutum 52 bayan duhu ya shiga, ya kife a hanya, aka tsamo gawa aƙalla 25. Waɗannan 'yan'uwanmu ne, masu neman abinci, Allah ya jiƙansu. Haƙƙinsu a kanmu shi ne kada mu bari a sake. Da dare ba a ganin kututture, ba a ganin raga, in an kife ba a ganin gaɓa, mai ceto ma ba ya ganin wanda zai ceta. Da hunturu kuma sanyin ruwa yakan kashe wa gwanin iyo hannu da ƙafa cikin ɗan lokaci. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, amma ba ta da ma'aikaci a kowane mashigi, don haka dokar tana hannun matuƙi. Ka tsara tafiyarka yadda la'asar sakaliya za ta same ka a tudu. Haka in ka ga hadari ya haɗo daga gabas, ka nemi gaɓa tun iskar da ke gabansa ba ta iso ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Game da rigar ruwa, samari da yawa suna jin kunyarta, wai ta waɗanda ba su iya iyo ba ce. Gwanayen kayak na duniya, waɗanda ke juyar da jirgi ya kife su sake miƙar da shi suna ciki, ba sa taɓa ruwa sai da ita. Dalili shi ne gwani ma yakan suma in katako ya buge shi, yakan gaji, wani kuma yakan riƙe shi. Kakanninku sun san wannan, shi ya sa masunci ke kwanciya a kan gora. Jarkar lita 20 da babu komai a ciki, in an ɗaure murfinta tam, tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa, don haka kada jirgi ya tashi babu irinta biyu ko uku a ɗaure da igiya. Fifikon riga shi ne ba ta buƙatar hannu, tana riƙe mutum ko ya fita hayyacinsa, muddin an ɗaure ta daidai.

'Yata, wannan sashen naki ne. A yawancin haɗurran nan mata da yara ne suka fi mutuwa, domin su ake zaunarwa a tsakiya cikin kaya, su ne kuma ba a koya wa iyo ba. Dogon hijabi da zane in suka jiƙe sukan naɗe hannu da ƙafa. In kin shiga jirgi ki tattare su yadda hannuwanki za su sami sakewa, ki zauna inda za ki iya fita, ki nemi rigar ruwa da bakinki ba tare da jin nauyin kowa ba. Koyon iyo kuma ba ya rage mutunci. A Bangaladash, ƙasar Musulmi mai yawan ruwa, an daɗe ana kafa shingen gora a tafkunan ƙauye ana koya wa yara maza da mata iyo. Babu abin da zai hana matan gari su keɓe wuri marar zurfi, manya su koya wa ƙanana. Uwar da ta iya ruwa ta fidda kanta, ta fidda ɗanta.

In ƙaddara ta sa an kife, kada ka rabu da jirgi. Jirgin katako sau da yawa yakan tsaya a saman ruwa ko ya cika, kuma shi masu ceto ke fara hangowa. In ƙafarka ta sarƙe a burugu ko a raga, kada ka yi ta harbe-harbe, ka kwanta rigingine ka zare ta a hankali, ko ka sa wuƙa. In wani ne ke nutsewa, ka tuna mai nutsewa ba ya ihu kuma ba ya sanin ɗan'uwa, duk abin da ya kama zai danna ƙasa. An sha tsamo gawa biyu a rungume. Ka miƙa masa gwangwala, ko ka jefa masa jarka da igiya, shiga ruwa ya zama dabara ta ƙarshe. In an fito da shi kada a ɓata lokaci wajen matsa ciki ko ɗaga shi ƙafa sama. In ba ya numfashi a hura masa iska a baki a riƙa danna ƙirji, in ya farfaɗo a lulluɓe shi a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke. Ƙungiyar agaji ta Red Cross tana koyar da wannan, ya kamata kowane mashigi ya sami matasan da suka iya.

Tafiyar kwanaki tana da wasu maƙiyan da ba sa kifar da jirgi. Ruwan fadama ba na sha ba ne sai an tafasa, domin amai da gudawa a wurin da babu asibiti kan kwantar da ƙato a wuni ɗaya. In ta kama wani, a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa a riƙa ba shi, a juya gida. Fitsarin jini, wato tsargiya, ba alamar balaga ba ce, tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗin ruwa ta huda fata, kuma akwai ƙwayar maganinta a asibiti. Gidan sauro dole ne. Tudun da ka gudo wa ruwa, shi maciji ma ya gudo wa, saboda haka ka share wurin kwana da rana, ka kakkaɓe takalmi da safe. In ya yi sara kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana wurin motsi a nufi asibiti. Kada kuma ku kafa zango a burtali ko mashaya, kada ku taɓa ragar wani, domin a wannan ƙasa tamu ƙaramin saɓani tsakanin manomi da makiyayi da masunci ya sha zama babba.

Abokan tafiya ma zaɓensu ake yi. A tafi da wanda ke jin magana, a naɗa shugaba tun a gida, a kuma yarda cewa in mutum ɗaya ya ce wurin nan bai kwanta masa ba, za a tsaya a duba. Jan jirgi ta tudu don kauce wa mugun wuri ba gazawa ba ce, manyan gwanaye suna yi kullum. Abin da ba a yi shi ne rabuwa cikin fushi. A ranar 28 ga Agustan 1869, bayan wata uku na yunwa da wahala, mutum uku daga ayarin Powell suka ce sun gaji, suka bar jirage suka haura dutse da ƙafa. Ba a sake ganinsu ba. Sauran kuwa bayan kwana biyu suka isa wurin mutane lafiya.

Za ka ji wani ya ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake, kuma babu mai shiga jirgi bai yi bisimilla ba. Amma malamai sun koyar da cewa tawakkali yana tafiya tare da riƙo da sababi, kuma rayukan fasinja amana ce a wuyan matuƙi. Wanda ya ɗora mutum hamsin a jirgin talatin ya tashi da dare, za a tambaye shi.

Wannan fadama tana da arzikin da ya isa a rayu a kansa da mutunci. Tun shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da Marma cikin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, Baturiya ta biyo baya a 2008, tsuntsaye kuma suna zuwa mata daga Turai kowane hunturu. Masu bincike, ma'aikatan lafiya, 'yan kasuwa da baƙi duk suna buƙatar matuƙin da za su amince da shi, kuma wanda aka san jirginsa ba ya wuce kima shi za a riƙa nema.

Saboda haka 'ya'yana, matasan Guri da Kirikasamma da Nguru da duk garuruwan bakin wannan ruwa, ku haɗa kai a kowane mashigi tun ruwan bana bai iso ba. Ku yi karo-karo ku sayi rigunan ruwa da igiyoyi, ku rubuta adadin kowane jirgi a jikinsa, ku ajiye littafin sunayen masu shiga, ku tsayar da lokacin rufe fito ku nemi bulama da Sarkin Ruwa su tsaya muku a kai. Ku je wurin tsofaffin masunta tun suna raye, ku zauna ku tambaye su hanyoyi da alamomi, ku naɗa a wayoyinku don na baya. Iyayenku suna son kifin da za ku kawo, amma ku suka fi so ku dawo. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya.